Wa Ya Yanke Rawanin Kakana? Labarin Saɓanin Gani A Kyamarorin Da

Da muka koma gidanmu na Aljirif ta Yamma, bayan kusan shekara biyu muna zaman hijira a Gadarif, ba mu tarar da abin kirki ba. Waɗanda suka shiga gidan a bayanmu sun kwashe firij da fanka, har wayoyin lantarkin da ke cikin bango sun zare. Amma a ƙarƙashin karyayyen angarib ɗin kakarmu akwai wani tsohon gwangwanin alewa. Da alama sun buɗe shi, sun ga babu zinare, sun jefar. Hotuna ne a ciki, arba'in da 'yan kai, wasu ruwa ya taɓa su, wasu gara ta ci gefensu.

Duk wanda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya fitar daga Khartum ya san darajar irin wannan gwangwani. Mutane da yawa sun fita ana cikin azumi da kayan jikinsu kawai, suna zaton kwana biyu za su yi su dawo. Yau akwai gidajen da ba su da ko hoto ɗaya na iyayensu da suka rasu.

A cikin namu akwai wani ɗan ƙarami, tsawonsa da faɗinsa ɗaya, bai cika tafin hannu ba. Kakana ne na wajen uwa, Allah Ya jiƙansa, sanye da farar jallabiya, an ɗauke shi daga ƙirji zuwa sama a tsakar gida, kwanaki kaɗan bayan dawowarsa daga aikin Hajji a farkon shekarun 1970. Fuska ta fito ras, har furfurar gemu ana ƙirgawa. Sai dai saman rawanin babu shi. Gefen hoton ya bi ta kansa ya datse, kamar an sa reza.

Tun ina yaro na san labarin wannan hoto, domin kakarmu Hajiya ba ta gajiya da faɗinsa. A wajenta da gangan mai hoton ya yi. "Ya ga Bahaushe ne, ya karɓi kuɗinsa, ya raina shi," haka take cewa. Kuma ba wanda ya taɓa musa mata. Mu da kakanninmu suka zo ƙasar nan ta hanyar Makka, wasu kuma suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, mun san yadda ake kallon mutum idan ya je neman takardar jinsiyya, mun san sunayen da ake kiranmu da su a bayan ido. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi. Shekara hamsin ke nan Hajiya tana riƙe da wannan mutum a zuciya, ba ta ma san sunansa ba.

A Wajen Kawu A Umdurman

Kawuna, babban ɗan marigayin, ya yi yaron shago a wani ɗakin ɗaukar hoto kusa da kasuwar Umdurman yana saurayi, kafin ya koma sana'ar gyaran agogo. Na tsallaka kogi na kai masa gwangwanin a Sawra domin ya taya ni gane mutanen da ke ciki. Da ya zo kan hoton mahaifinsa sai ya yi murmushi, ya cire tabarau ya goge.

"Ustaz," ya ce, don haka yake tsokanata, "kai da kake koya wa 'ya'yan mutane kimiyya, har yau ba ka gane abin da ya faru a nan ba?"

Na ce, "Wallahi Kawu, abin da Hajiya ta faɗa shi na sani."

"To miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da wancan turken rakuba. Rufe idon hagu. Yauwa. Yanzu buɗe shi ka rufe na dama."

Na yi. Yatsan ya yi tsalle daga kan turken zuwa gefe, alhali ban motsa hannu ba.

"Ka gani? Yatsanka bai tafi ko'ina ba. Idanunka ne biyu, kowanne daga wurinsa yake kallo. To kyamarar da ta ɗauki Baba ita ma idanu biyu gare ta."

Ya ce siffar hoton kaɗai ta isa shaida. Hoto mai tsawo da faɗi ɗaya, santimita 6 kowane gefe, na irin kyamarorin nan ne da ake rataye su a wuya, a riƙe a daidai ciki, mai hoto ya sunkuya yana leƙa su ta sama. Fim ɗinsu mai lamba 120 hoto 12 yake bayarwa. A gaban akwatin akwai gilasai biyu, ɗaya a kan ɗaya, abin da muke kira adasa a nan. Na sama na mai hoto ne: haske ya shiga ta nan, madubi ya tura shi sama kan wani gilashi mai dishi-dishi, inda yake ganin mutumin da zai ɗauka. Na ƙasa kuwa na fim ne, shi ne ke buɗewa idan an danna. Mai hoto bai taɓa ganin abin da idon ƙasa ke gani ba sai bayan an wanke fim, dodon hoto ya fito.

Tunda idon fim yana ƙasa da idon leƙe, abin da yake kamawa ya ɗan yi ƙasa. Yana ƙara wani abu daga ƙirji, yana zubar da wani abu daga kai. Idan mai hoto ya matsa kusa, ya saita rawani dab da gefen sama don fuska ta cika hoton, shi a wajensa komai ya shiga. A fim kuwa saman rawanin ya riga ya fita.

Wannan shi malaman falaki na Musulunci suka kira ikhtilaful manzar. Da Hausa ni dai na fi son in ce saɓanin gani: abu ɗaya, wurin tsayuwar mai kallo biyu.

Lissafin Abin

Da na koma gida na ɗauki takarda na buga lissafin, kamar yadda zan ba ɗalibaina. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, abin da ake asara ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Tazarar da ke tsakanin idanun kyamarar biyu, ita ce daidai abin da ke yankewa daga saman mutumin. A yawancin waɗannan kyamarori tazarar tana tsakanin santimita 4 zuwa 5, wato kamar faɗin yatsu uku. Ko mutum na nesa ko yana kusa, yatsu ukun nan ne ke tafiya. Abin da ke sauyawa shi ne girmansu idan an gwada da hoton gaba ɗaya.

Mu ɗauki kyamara mai tazarar santimita 5 da adasa ta milimita 80, wadda ita aka fi sa wa irinsu. Idan jama'a sun tsaya a nisan mita 10, kamar hoton 'yan ƙwallon unguwa, filin da hoton ke kamawa ya kai kimanin mita 7 daga sama zuwa ƙasa. Santimita 5 a cikin mita 7 bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, ba mai lura. A nisan mita 3, hoton ango da abokansa a tsaye, filin kimanin mita 2 ne, asarar ta zama kamar kashi 2 da rabi cikin ɗari. Har yanzu da sauƙi, don galibi akwai sarari a saman kawuna. Amma a nisan mita 1 filin ya tsuke zuwa santimita 65 ko kusa da haka, asarar ta haura kashi 7 cikin ɗari. Idan kyamarar na iya matsawa zuwa rabin mita, kusan kashi ɗaya cikin shida na hoton ne ke gocewa.

Shi ya sa a cikin gwangwaninmu hotunan taro duka lafiya lau suke. Waɗanda suka samu matsala su ne na kusa: jariri ranar suna da aka datse masa goshi, hannun amarya mai lalle da ya fito a karkace, da rawanin kakana. Wato dai mai hoton nan da ake zargi, da ya tsaya can nesa ya danna ya karɓi kuɗinsa, da rawanin ya fito cif. Matsowar da ya yi don fuskar Alhaji ta fito da kyau ita ta jawo masa.

Ba kyamara mai ido biyu kaɗai ke da wannan hali ba. Ƙananan kyamarorin fim ɗin milimita 35 da suka cika gidaje daga baya, masu hoto 24 ko 36, yawancinsu suna da 'yar tagar leƙe daban a saman akwatin, sau da yawa ta ɓangaren hagu. A nan saɓanin ta fuska biyu ne, sama da gefe. Shi ya sa za ka ga hoton da aka yanke wa mutum kai da kunne ɗaya, ga kuma bango fili a ɗaya ɓangaren. Haka nan yatsan da ke bayyana a kusurwar hoto, ko marfin adasa da aka manta ba a cire ba har fim ya ƙare: mai ɗauka bai gani ba, domin ta wata taga yake kallo.

Yadda Maƙera Suka Yi Fama Da Matsalar

Masu ƙera kyamara sun san da wannan tun farko, kuma kowa da dabarar da ya ɓullo da ita gwargwadon kuɗin kyamararsa.

Mafi arha ita ce 'yan alamomi a cikin tagar leƙe. Wanda ya taɓa riƙe Olympus Trip 35, wadda aka yi ta ƙerawa a Japan daga 1967 zuwa 1984, zai tuna da firam mai haske a cikin tagar, da wasu 'yan gajerun layuka a ɗan ƙasa da gefen sama. Ma'anarsu ita ce, in mutum na kusa, ka ɗauki waɗannan layuka a matsayin iyakar hoton. Kawu ya ce mutane kaɗan ne suka san amfaninsu, wasu ma suna zaton gilashin ne ya karce. Takardar bayanin da ke zuwa da kyamarar ba da Larabci take ba, balle Hausa, kuma wanda ya saya a hannu na biyu ko takardar ma ba ya samu.

Dabara ta biyu ita ce a sa firam ɗin ya riƙa motsi da kansa. Kamfanin Franke da Heidecke na Jamus, wanda ya fito da Rolleiflex a 1929, ya sanya wa samfuransa na baya wani siririn firam na ƙarfe a ƙarƙashin gilashin leƙe, ya haɗa shi da maɓallin saita nisa. Kana murza maɓallin zuwa kusa, firam ɗin na zamewa, yana rufe abin da ba zai shiga fim ba. Mai hoto ba ya bukatar tuna komai. Irin wannan kyamara ce aka san Malick Sidibé na Bamako da ita, wanda ya rasu a 2016, wanda hotunansa na samari da 'yan matan Mali suka zaga duniya. Idan kuma ana son matsawa kusa sosai, kamfanin yana sayar da ƙarin gilasai biyu da ake ɗaurawa a gaba, na saman yana ɗauke da wani gilashi mai gangare da ke karkatar da kallon zuwa ƙasa.

Wani kamfanin Jamus, Voigtländer, ya bi ta wata hanya a kyamararsa Superb ta 1933. A nan idon leƙen ne gaba ɗaya yake sunkuyowa a hankali yayin da ake saita nisa, kamar mutum mai duƙar da kai ya kalli yaro.

Ga masu 'yar taga a gefe, Leica M3 ta 1954 ita ta zama abin koyi. Firam mai haske da ke cikin tagarta yana gangarowa ƙasa zuwa dama, wato wajen da adasa take, duk lokacin da aka saita nisa zuwa kusa. Daga baya kamfanonin Japan suka kawo wannan dabara cikin kyamarori masu sauƙin kuɗi, irin su Yashica Electro 35 da ta fara fitowa a 1966.

Mamiya C330 ta 1969 kuwa tana iya matsawa kusa ƙwarai, don haka saɓaninta ya fi tsanani. Sai aka sa mata wata allura a cikin gilashin leƙe da ke saukowa tana nuna inda saman hoton zai tsaya. Kamfanin ya kuma ƙera wani ƙarfe mai suna Paramender da ake sa wa tsakanin kyamara da sandarta mai ƙafa uku. Mai hoto zai gama saita komai da idon sama, sannan ya ɗaga kyamarar da wannan ƙarfe santimita 5 cif, idon ƙasa ya hau daidai inda na sama yake a da, sannan ya danna.

Kyamarori masu arha, irin Lubitel ta Tarayyar Sobiyet, ba su da firam mai motsi. Mai irin wannan sai dai gogewa. Kawu ya ce abin da maigidansa ya fara koya masa ke nan: "In za ka ɗauki mai rawani, bar masa yatsu uku a sama, sannan ka ƙara na ladabi." Wanda bai samu mai gaya masa haka ba, sai ya ɓata fim da yawa kafin ya gane. Ga kuma wani abin ruɗani: a gilashin leƙen kyamara mai ido biyu, dama na komawa hagu, hagu na komawa dama. Sabon shiga yana can yana kokawa da wannan, ina zai tuna da saman rawani?

Abin Da Firam Ba Ya Iya Gyarawa

Akwai wani ɓangare na matsalar da firam mai motsi ba ya magancewa. Yana gyara iyakar hoton ne kawai a nisan da aka saita. Yadda abin da ke gaba ke rufe abin da ke baya kuwa, wannan ya dogara ne da inda ido yake. Ka tuna da yatsa da turke. Mai hoto na iya ganin cewa kofin jabana da ke gaban tsoho bai rufe masa gemu ba, amma idon ƙasa ya ga ya rufe. Ko ya ga reshen dabino a gefen kan amarya, a hoto ya fito kamar daga kanta ya tsiro. Dabarar ɗaga kyamara irin ta Mamiya ce kawai ke kawar da wannan, ita ma sai abin da ake ɗauka ya tsaya cik.

Maganin gaba ɗaya shi ne a yi kallo da ɗauka ta ido guda. Tsofaffin masu hoton da ke lulluɓe kansu da baƙin ƙyalle a bayan babban akwatin katako haka suke yi, suna kallo ta adasar da za ta ɗauka, sannan su zura fim a wurin gilashin. Sai dai aiki ne mai nawa. Kine Exakta, da aka ƙera a Jamus a 1936, ta kawo wannan cikin ƙaramar kyamara ta hanyar madubin da ke tsaye a bayan adasa, yana tura haske zuwa idon mai hoto, ya kauce a daidai lokacin da aka danna. A 1937 Arriflex 35 ta yi makamancin haka a kyamarar silima. Nikon F ta 1959 da Pentax K1000 ta 1976 suka bazu a hannun 'yan jarida da masu hoton biki, kyamara mai ido biyu ta fara komawa cikin akwati.

Wayar da ke aljihunka ita ma abin da idonta ke gani shi take nuna maka a allo, don haka ba ta yanke rawani a ɓoye. Amma in tana da idanu biyu ko uku a baya, gwada saita wani abu na kusa ka sauya daga ɗaya zuwa wani, za ka ga hoton ya ɗan yi tsalle. Tsohon saɓanin nan ne. Wasu wayoyin ma da shi suke auna nisa, su dusashe bayan mutum su bar fuskarsa.

Hotunan Manya Da Hotunan Gida

Sudan ta yi masu hoto na ji da gani. Akwai Rashid Mahdi na Atbara, birnin jirgin ƙasa, wanda ɗakin hotonsa ya adana fuskokin ma'aikata da iyalansu tun daga shekarun 1950. Akwai Jadallah Jubara, mai fim ɗin Tajuj, wanda ya buɗe Studio Gad a Khartum a 1974. Dukansu biyu sun rasu a 2008. Wani Bafaranshe mai hoto, Claude Iverné, ya kafa ma'adanar Elnour tare da masu hoton Sudan don tattara ayyukansu, shirin Sudan Memory kuma ya sa dubban tsofaffin hotuna da takardu a intanet.

Amma mu yi wa kanmu gaskiya. Kakanninmu manoman auduga a Jazira, da masu aikin bulo a bakin kogi a Aljirif, da masu yankan farce da sayar da goro a kasuwa, da malaman allo, ba kasafai suke shiga manyan ɗakunan hoto ba sai in takarda ta tilasta. Mai hoton da ke zagaya unguwa ranar Sallah da kyamara mai arha, shi ne ya ɗauke su. Saboda haka tarihinmu na hoto yana cikin gwangwanaye irin namu, da yankakkun rawuna da karkatattun kafaɗu. Wanda ya zubar da hoto don an yanke kai, wataƙila ya zubar da shaida guda ɗaya tilo cewa kakansa ya zauna a wannan gida a wannan shekara.

Ga wanda Allah Ya sa ya tarar da nasa, ga abin da na koya. Kada ka sa almakashi ka daidaita gefen, domin siffar hoton da farin gefensa suna nuna irin kyamarar da zamaninta. Ka ɗauke shi da waya a inuwa mai haske, wayar na kwance daidai a samansa ba a karkace ba. Ka ɗauki bayansa ma, don sau da yawa akwai hatimi ko kwanan wata ko rubutun ajami. In ka samu dodon hoton, riƙe shi ta gefe ka ajiye a busasshiyar takarda, domin wani lokaci yankan a wajen bugawa aka yi shi, dodon na ɗauke da abin da ya ɓace. Sannan ka zauna da tsofaffi tun suna raye su gaya maka sunayen mutanen, ka rubuta, ka tura wa 'yan uwa a garuruwa daban-daban.

Daga Tsakar Gida Zuwa Sararin Sama

Da aka koma karatu na kai darasin aji. Kayan aiki babu, sai muka samu kwalin sabulu, muka huda shi wuri biyu, ɗaya a sama da ɗaya da tazarar yatsu uku, muka zura bututun takarda a kowanne. Yaro ya saita na sama da saman hular abokinsa da ke tsaye dab da shi, sannan ya leƙa ta na ƙasa ba tare da motsa kwalin ba: goshi yake gani. Aka sa abokin ya koma ƙarshen fili, aka sake gwadawa, bambancin ya kusa ɓacewa. Ban taɓa ganin darasin kusurwa ya shiga kan yara da sauri haka ba.

Daga nan na gaya musu cewa wannan abu ya shafi jinjirin watan da muke nema a daren shakka. Wata yana nisan kimanin kilomita 384,000 daga gare mu, lissafin falaki kuma ana fara yinsa ne kamar mai kallo na tsakiyar duniya, alhali mu a bayanta muke tsaye, kimanin kilomita 6,400 daga tsakiyar. Wannan tazara tana sa watan da ke dab da faɗuwa ya bayyana ƙasa da inda lissafin farko ya nuna da kusan digiri ɗaya, wato kusan ninki biyu na faɗin watan kansa. Malamai irin su Al-Battani, wanda ya rasu a shekara ta 929, sun san da haka, suna gyara lissafinsu da shi. Abu ɗaya ne daga cikin abubuwan da masu hisabi ke dubawa, hukuncin ganin wata kuwa na malaman shari'a ne. A 1838 wani Bajamushe mai suna Friedrich Bessel ya yi amfani da dabarar yatsa da turke wajen auna nisan wani tauraro, ya mai da matsayin duniya a lokuta daban-daban na shekara tamkar idanu biyu.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Ustaz, ashe kowa daga inda yake tsaye yake gani?" Na ce haka ne, amma ana iya auna tazarar, kuma in an auna ana iya gyarawa.

Hukuncin Hajiya

Saura aiki mai wuya, wato gaya wa Hajiya. Na same ta bayan La'asar tana jan carbi a kan sabon angarib ɗin da muka saya mata. Na sa ta miƙa hannu ta ɗaga yatsa. Ta harare ni.

"Kai mijin banza, wasan yara ka zo yi da ni?"

Na ce, "Amarya, yi haƙuri ki rufe ido ɗaya."

Ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa. Na kawo kwalin sabulun na nuna mata, na kuma faɗa mata abin da Kawu ya ce, cewa mutumin matsowa ya yi don fuskar Alhaji ta fito sosai. Ta karɓi hoton ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana kallo.

"Fuskar kam ta fito," ta ce. Ta yi shiru. "To me ya hana shi ya dawo ya sake ɗauka?"

Wannan ba ni da amsarsa. Fim na da tsada a lokacin, wataƙila kuma kunya ta hana shi, ko bai ga abin a matsayin laifi ba. Ban ce mata duk zargin da ta taɓa yi wa mutane a rayuwarta kuskure ba ne, don ta ga abin da ban gani ba. Na ce mata dai wannan guda ɗaya, lissafi ya wanke mai shi.

Ta mayar da hoton cikin gwangwani ta rufe da kanta. "Zato zunubi," ta ce. "In yana raye Allah Ya ba shi lafiya, in ya rasu Allah Ya jiƙansa. Ni dai na yafe, shi ma ya yafe mini." Sannan ta ce in ɗauke ta da wayata in tura wa ƙanwarta da ke Maiwurno, amma in kula, kada in yanke mata ɗankwali.